Kyaftin Kirk: Gwaninta Ce Ko Gishiri Ne Ya Yi Yawa?

A wannan wata za mu ɗan bar harkokin gida mu leƙa ƙasar Amurka, domin mu tsoma baki cikin wata gardama da ta haura shekara hamsin ana yi, har yau kuwa ba a raba ta ba. Gardamar a kan wani ɗan wasan kwaikwayo ce mai suna William Shatner, wanda ya fito a matsayin Kyaftin Kirk a cikin shirin talabijin ɗin nan da ake kira Star Trek. Wasu na cewa gwani ne na gwanaye, wasu kuwa na cewa tun da aka ƙago akwatin talabijin ba a taɓa yin mai zaƙewa kamarsa ba.

Ga waɗanda ba su san shirin ba, wani mutum ne mai suna Gene Roddenberry ya ƙirƙiro shi, tashar NBC ta fara nuna shi ran 8 ga Satumba, 1966, ta kuma dakatar da shi a watan Yuni na 1969 bayan an yi kashi 79. Labarin wani ƙaton kumbo ne mai suna Enterprise, wanda ke ɗauke da mutum fiye da 400, yana ratsa sararin samaniya don gano duniyoyin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba. Kirk shi ne shugaban kumbon, mataimakinsa kuwa shi ne Spock, mai kunnuwan nan masu tsini, wanda Leonard Nimoy ya fito a matsayinsa.

To mene ne laifin Shatner? Da farko dai maganarsa. Sai ya ɗauko jimla, ya faɗi kalma biyu, ya tsaya cik a inda babu waƙafi babu aya, kamar wanda ƙashin kifi ya maƙale wa, sa'an nan ya kwararo sauran kalmomin a guje kamar ana korarsa. Kalmar da kowa zai wuce ta salin-alin, ita zai danna wa ƙarfi. Idan yana roƙo, sai ya ware hannuwa biyu yana girgiza su. Idan yana ba da umurni, sai ya cafki kafaɗun mutum ya jijjiga shi. Idan kuwa aka ce wani makami na ɓoye ya same shi, to ranar nan sai ka tausaya masa: ya riƙe kai, ya gantsare, ya durƙusa, ya yi birgima, fuska duk a murtuke. Wajen faɗa ma yana da nasa salo, watau ya haɗe hannuwa biyu ya maka wa abokin gaba a gadon baya, ko ya daka tsalle ya tokare shi da ƙafa biyu su zube tare. Sau da yawa kafin a tashi rigarsa ta yage a kafaɗa. Masu barkwanci a Amurka sun daɗe suna cin abinci da kwaikwayonsa, har wanda bai taɓa ganin shirin ba ya san wannan tsaye-tsayen magana.

Amma kafin mu yanke masa hukunci, ya kamata mu san inda ya fito. An haifi Shatner a birnin Montreal na ƙasar Kanada ran 22 ga Maris, 1931, ya kuma yi karatun kasuwanci a Jami'ar McGill. A kan dandamali ya koyi sana'arsa, musamman a bikin wasannin Shakespeare da ake yi a garin Stratford na lardin Ontario, ƙarƙashin shahararren mai tsara wasa Tyrone Guthrie. A nan ne a 1956 Christopher Plummer ya kamu da rashin lafiya, aka tura Shatner ya maye gurbinsa a matsayin Sarki Henry na Biyar. Wanda ya tashi a irin wannan wuri an hore shi ya yi magana yadda na kujerar ƙarshe zai ji, ya motsa jiki yadda na can nesa zai gane fushi ne ko baƙin ciki. Mu malaman makaranta mun san wannan sarai. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji mai yara sittin da tsakar rana, bayan an dawo daga tara, ya san cewa in ka yi magana a miƙe kamar mai karanta sanarwa, rabin ajin barci zai yi. Dole ka ɗaga murya, ka sauke, ka yi shiru ba zato har na baya ya ɗago kai ya ga me ya faru. Shi kansa Shatner yakan ce cikin raha wai tsayawar da yake yi ƙoƙarin tuno kalma ta gaba ne, to amma mu ba mu ɗauki wannan da nauyi ba.

Sai kuma mu tuna irin akwatin da ake kallo a wancan zamani. Gilashinsa ƙarami ne, hoton ba shi da kyau sosai, gidaje da yawa kuma nasu baƙi da fari ne. Ɗan motsin gira da ake gani ɓaro-ɓaro a manyan talabijin na yau, a lokacin ɓacewa yake yi. Bugu da ƙari, kuɗin shirin ba su taka kara sun karya ba, ana harhaɗa kashi guda cikin kamar kwana shida. Duwatsun da ake jifa da su na soso ne, dodon kuwa mutum ne cikin rigar roba. Idan aka ce an harbi kumbo, mai ɗaukar hoto ne ke karkata na'urarsa, 'yan wasa su riƙa watsa kansu hagu da dama. A irin wannan hali, wa zai sa mai kallo ya yarda akwai haɗari? Sai fa wanda ya nuna a fuskarsa da jikinsa cewa shi ya yarda. A ganinmu wannan kaya Shatner ya ɗauka, ya kuwa ɗauke shi da gaske, bai taɓa yin wasan kamar yana jin kunyarsa ba.

Akwai wani abu kuma da masu suka kan manta. Spock mutum ne da aka tsara shi ba ya dariya, ba ya fushi, ɗaga gira ɗaya ita ce iyakar mamakinsa. A gwajin farko na shirin, wanda NBC ta ƙi karɓa, Jeffrey Hunter ne kyaftin, mutum mai sanyi da yawan tunani. Da aka kawo Shatner da zafinsa, sai sanyin Spock ya sami abin jingina, har Nimoy ya shiga jerin 'yan takarar lambar Emmy sau uku saboda wannan matsayi. Shatner ko sau ɗaya ba a sa sunansa ba saboda Kirk. Tuwo ne aka yaba, aka manta da wutar da ta dafa shi.

Duk da haka ba za mu wanke shi tas ba. A wani kashi na 1966, na'urar da ke aika mutane daga kumbo zuwa ƙasa ta sami matsala ta raba Kirk gida biyu, nagari da mugu. Mugun yana zare ido, gumi na tsiyaya, yana kururuwa cewa shi ne kyaftin. Wannan mun karɓa, domin labarin ne ya nemi haka, kuma nagarin da ya fito a raunane, ya kasa yanke shawara, an yi shi da natsuwa. Amma a zango na uku, bayan an rage kuɗin shirin an kuma mai da shi ƙarfe 10 na daren Juma'a, labaran suka yi rauni, shi kuma ya riƙa cike giɓin da ihu. Akwai inda aka sa shi rarrafe yana haniniya kamar doki. A kashi na ƙarshe kuwa, inda wata mata ta musanya jiki da shi, ya zauna yana gyaran farce yana fari da ido, abin ya zama wasan yara. Nan kam gishiri ya ɓata miya.

Abin da ya hana mu kiransa mara gwaninta shi ne wani kashi na 1967 wanda ya ci lambar Hugo. Kirk ya koma birnin New York na shekarar 1930, ya kamu da son wata mata mai taimakon talakawa, Edith Keeler, wadda Joan Collins ta fito a matsayinta. Sai ya gano cewa in ta rayu tarihi zai sauya, Jamus ta Hitler ta ci yaƙin duniya. Da mota ta taho za ta banke ta, abokinsa Likita McCoy ya zabura zai cece ta, Kirk ya riƙe shi gam. A nan inda kowa ke jiran kururuwa, mutumin nan runtse ido kawai ya yi, ya kau da kai. Ashe ya iya shiru in ya ga dama.

Nicholas Meyer, wanda ya ba da umurni a fim na biyu na Star Trek a 1982, ya bayyana dabarar da ya yi masa: sai ya sa a maimaita ɗauka sau da yawa har Shatner ya gaji ya daina nuna kansa, sa'an nan a sami abin da ake so. A fim ɗin nan ne ya kwarma ihun sunan maƙiyinsa Khan, ihun da har yau ake tsokanarsa da shi. Amma masu kare shi na da hujja: a cikin labarin, Kirk ya riga ya san kumbonsa zai dawo ya ɗauke shi cikin 'yan sa'o'i, saboda haka ihun na yaudarar Khan ne. A ƙarshen wannan fim ɗin kuma, wajen jana'izar Spock, muryarsa ta ɗan karye a kan kalma guda, ya haɗiye, ya yi shiru. Mutum ɗaya ne ya yi duka biyun.

Daga baya ya gane cewa abin da ake yi masa dariya a kai jari ne. Ya fito a matsayin wani tsohon lauya mai cika baki, Denny Crane, wanda kusan kwaikwayon kansa ne, ya kuwa ci lambar Emmy a 2004 da 2005. Ran 13 ga Oktoba, 2021, yana da shekara 90, ya shiga kumbon kamfanin Blue Origin ya leƙa sararin samaniya na gaske, tafiyar da ba ta fi minti goma da 'yan kai ba. Da ya sauko, ana ta murna ana fesa abin sha a gefensa, shi kuwa ya tsaya yana share hawaye, yana lalubar kalmomi, yana tsayawa a tsakiyar jimla, yana ƙoƙarin bayyana yadda shuɗin sama ya wuce fuu, baƙin duhu ya tare shi. Daga baya ya rubuta cewa abin da ya ji a can baƙin ciki ne mai tsanani, don ya ga yadda duniyarmu take 'yar ƙarama a tsakiyar wannan duhu.