Majami'ar Tamantit da Tafiyar Shehu Magili Ƙasar Hausa

Ɗan Dogondutsi ko Tibiri da ya taɓa zuwa ci-rani Aljeriya ya san sunan Adrar. Kudu da garin kaɗan Tamantit take, tsohon birnin ƙasar Tuwat, mai gidajen laka da lunguna masu rufin itacen dabino, ga magudanan ƙarƙashin ƙasa da ke kai ruwa lambuna. Yahudawa sun daɗe a nan suna ƙirar zinariya da fatauci. An samu dutsen kabari mai rubutun Ibrananci na 1329 a yankin. Wani ɗan kasuwar Italiya, Antonio Malfante, ya aika wasiƙa daga garin a 1447, ya ce Yahudawan suna da yawa, suna zaman lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari.

Majami'ar Yahudawan Magrib ba ta da hasumiya, daga waje sai a ɗauka gida ne. Da an shiga, a bangon da ke duban Ƙudus akwai ma'aji mai labule inda ake ajiye naɗaɗɗun fatun Attaura. Dandamalin mai karatu yana tsakiya, jama'a na kewaye da shi, fitilun mai na rataye.

Kan majami'ar Tamantit ne malamai suka sa zare. Muhammad bn Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya ce an gina ta a ƙasar Musulmi ba bisa ƙa'ida ba, dole a rushe. Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, ya ce a'a, Yahudawan mutanen amana ne, a ƙyale su. Aka aika tambaya Fas da Tunis da Tilimsan, amsoshi suka zo a rabe. Da ta wani malami, al-Tanasi, ta iso tana goyon bayan Magili, sai mabiyansa suka baje ginin wajen 1492, aka kashe Yahudawa da dama, sauran suka watse. Hujjar alƙalin ba ta fi ta Magili rauni ba, jama'ar Magili ce ta fi yawa.

Daga nan malamin ya yo kudu, ya ratsa Azbin, ya zauna Katsina da Kano, inda ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafi kan tafiyar da mulki. Yana Gawo wurin Askiya Muhammadu labari ya iske shi cewa an kashe ɗansa a Tuwat. Ya koma can, ya rasu wajen 1504.

Sharifan Kano har gobe suna danganta kansu da shi, kabarinsa kuma yana Tuwat, kusa da Zawiyar Kunta, ana kai masa ziyara.