Yadda yoga ke amfanar masu gudu da 'yan ƙwallo a sanyin Jos

A birnin Jos, wanda ke bisa tsauni mai tsayin kusan mita 1,200 daga doron teku, motsa jiki ba baƙon abu ba ne. Tun da asuba ake ganin matasan Kwararafa da unguwannin da ke kewaye da ita suna sassarfa a gefen titi, wasu sun nufi filin wasa na Rwang Pam, wasu kuma wuraren ɗaga ƙarfe. Garin ne ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa, yankin Pankshin kuma ya yi suna wajen 'yan gudun dogon zango.

Sai dai gudu da ƙwallo da ɗaga ƙarfe duk suna maimaita motsi iri ɗaya ne a kan tsoka iri ɗaya. A hankali tsokar bayan cinya da sharaɓa da ta gaban ƙugu sukan ɗaure, gaɓoɓi su rage sakewa, nauyin ya koma kan gwiwa da ƙasan baya. Abin yakan ƙara tsanani a lokacin hunturu, inda sanyin asuba a Jos kan sauka zuwa kusan digiri 10 a watannin Disamba da Janairu.

A nan ne yoga ke da amfani. Atisaye ne da ya samo asali daga Indiya, ya haɗa miƙa jiki, da tsayawa a yanayi guda na ɗan lokaci, da sarrafa numfashi. Miƙewar tana ƙara wa gaɓoɓi faɗin motsi. Tsayuwa da ƙafa ɗaya tana horar da ƙananan tsokokin da ke riƙe idon sawu, waɗanda ɗan ƙwallo ke dogaro da su idan ya juya a filin da ba shi da ciyawa. Numfashi mai zurfi a hankali kuma yana rage bugun zuciya bayan wahala, yana sauƙaƙa barci, kuma a cikin barcin ne tsoka ke gyara kanta.

Tsohon ɗan wasan Manchester United, Ryan Giggs, wanda ya daɗe yana fama da ciwon bayan cinya, ya sha bayyana cewa yoga ta taimaka masa ya ci gaba da wasa har ya ajiye takalmi a 2014 yana da shekara 40. A 2017, Ƙungiyar Likitoci ta Amurka ta sanya yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon baya kafin a koma ga magani.

Amma amfanin na da iyaka, kuma masu tallata yoga ba su cika faɗar haka ba. Miƙa jiki shi kaɗai ba ya hana rauni kamar yadda atisayen ƙarfafa tsoka ke yi, haka nan yoga mai sanyi ba ta maye gurbin gudu wajen ƙarfafa zuciya da huhu. Lokacin yin ta ma abin lura ne: daɗewa a miƙe fiye da minti ɗaya dab da tsere kan ɗan rage ƙarfin zabura. Ya fi dacewa a ɗumama jiki da sassarfa kafin wasa, a bar yoga sai bayan an tashi, ko ranar hutu. Mai sabon targaɗe ko hawan jini ya fara ganin likita, musamman kafin atisayen da ake kifa kai ƙasa.

Akwai kuma batun addini, wanda ba a raina shi a gari irin Jos. Yoga na da tushe a addinin Hindu, shi ya sa a 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi irin wadda ke ɗauke da waƙe-waƙen bauta. Wasu Kiristoci ma suna da irin wannan ɗari-ɗari. Yawancin wadda ƙungiyoyin wasanni ke koyarwa a yau miƙa jiki ce da numfashi kawai, don haka mai shakka yana iya tambayar mai horarwa abin da darasin ya ƙunsa kafin ya shiga.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya tun Disamban 2014. Ga matashin Kwararafa, tabarma da minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a mako, sun isa a fara.