Ba Kowane Ciwon Gwiwa ne Targaɗe ba

Manyan jijiyoyi 4 ne ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri a gwiwa. Biyu suna ciki, sun gitta juna, likitoci na kiransu ACL da PCL, sai ɗaya a kowane gefe. Idan biyu ko fiye suka tsinke lokaci guda, kamar yadda ake gani a haɗarin babur, faɗowa daga bene ko mummunan karo a filin ƙwallo, to gwiwa ta rasa madafa.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne gwiwar kan goce sannan ta koma mazauninta da kanta. A ɗauki hoton ƙashi, a ga babu karaya, sai a ce targaɗe ne, a nufi wajen mai ɗori. Alhali a bayan gwiwa akwai babbar jijiyar jini da ke ciyar da ƙafa. Idan ta fashe ko ta toshe aka wuce awa 6 zuwa 8 ba a gyara ba, sau da yawa sai an yanke ƙafar.

Shi ya sa likita ke fara taɓa bugun jini a saman ƙafa da bayan idon sawu, ya gwada hawan jinin ƙafa da na hannu. Sai ya ce majinyaci ya ɗaga yatsun ƙafarsa sama. In ƙafar ta langaɓe, jijiyar motsi ta taɓu. Daga nan ya kama ƙwauri ya ja gaba, ya tura baya, ya karkata shi gefe, ya ji inda ya yi sako-sako. Hoton MRI ne ke tabbatar da jijiyoyin da suka tsinke.

Wajen tiyata, akan ɗebo jijiya daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashi, a zura ta a ɗaure. Mafi yawan aikin ta ƙananan ramuka ake yi da kyamara. Jijiyar gefen ciki takan warke da takalmin gwiwa kaɗai, amma ta gefen waje an fi so a gyara ta cikin mako 3. Bayan tiyata sai gashi da motsa jiki na wata 9 zuwa shekara.

Don haka jama'a, duk wanda gwiwarsa ta kumbura tana lilo bayan haɗari, musamman in ƙafar ta yi sanyi ko ta mutu, a ɗaure ta a miƙe, a garzaya asibiti nan take. Akwai likitocin ƙashi a asibitocin koyarwa da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Allah ya kiyaye mu.