Akwatin Ƙarya Da A Ke Gwada Mai Gadin Kwamfuta Da Shi

Duk ma'aikatar da ta ke ajiye lissafinta a babbar kwamfuta, ko banki ce ko asibiti ko ofishin biyan albashi, ba a rasa wani akwati mai nauyi a gefenta, wanda a ke kira UPS. Batura ne a cikinsa. Idan aka ɗauke wuta, shi ke riƙe kwamfutar na 'yan mintoci kafin a ta da janareta. In kuwa janareta ya ƙi tashi, tilas ne a kashe kwamfutar a tsanake tun batir bai ƙare ba, gama in ta mutu farat ɗaya tana tsakiyar rubutu, abin da ta ke rubutawa yana iya lalacewa, har ɓarnar ta shafi na da.

Da tsakar dare ba wanda ke tsaye kan wannan aiki sai wata manhaja da aka sa gadi. Ɗaya daga cikin sanannun irinta ita ce Network UPS Tools, wadda a ke samu kyauta. In ba a sake mata tsari ba, duk bayan daƙiƙa 5 takan bincika halin da akwatin ya ke ciki. Amsar 'yan haruffa ce: OL, watau akwai wuta; OB, an koma kan batir; LB, batir ya yi ƙasa. Da zarar OB da LB sun haɗu, sai ta ba da umurnin kashewa.

To, ta yaya za a tabbatar mai gadin nan ba barci ya ke yi ba? Abin da aka saba shi ne a zare waya daga bango, a tsaya a gani. Amma fa sai an jira batir ya tsiyaye, ga shi kuwa batirin dalma ba ya son a riƙa tsotse shi ƙarƙaf. In kuma mai gadin ya kasa, asarar da a ke gudu ita aka jawo da hannu.

Saboda haka ne masu wannan manhaja suka sa mata wani sashe mai suna dummy-ups, wanda ya kan yi shigar akwatin batir alhali kuwa babu akwati. Ma'aikaci ya kan kwafo bayanin akwatin gaskiya ya zuba a fayil, sa'an nan ya tsara labarin da ya ga dama: ƙarfin wuta 230, batir cike, bayan minti ɗaya wuta ta tafi, bayan wani mintin batir ya yi ƙasa. Mai gadi ba ya iya bambancewa. Zai aika da gargaɗi, ya kashe kwamfutar gwaji, kamar da gaske ne. Abin da zai ci yini guda sai a maimaita shi sau goma kafin azahar.

A ƙasar nan amfaninsa ya fi fitowa wajen kawo-da-ɗaukewa. Doguwar ɗaukewa, irin wadda jihohin Arewa da yawa suka sha ta kwana da kwanaki a watan Oktoba na 2024, ba ta da wuyar fahimta ga manhaja. Mai rikita ta ita ce wutar da za ta zo, ta tafi, ta sake leƙowa cikin minti guda, ko 'yar tazarar da a kan samu sa'ad da a ke juyawa zuwa janareta. Ba mai iya roƙon 'yan NEPA su yi masa haka don gwaji, amma a fayil layi kaɗan ne.

Sai dai akwai inda akwatin ƙarya ba ya kaiwa, kuma nan ne waɗansu ma'aikata su ke ruɗin kansu. A ce mai gadi ya kashe kwamfuta, sai wuta ta dawo tun batir bai mutu ba. Yawancin irin waɗannan kwamfutoci an shirya su ne su tashi da kansu idan wuta ta yanke musu ta dawo, ita kuwa wannan ba ta ga yankewa ba, don haka sai ta kwana a kashe. Maganin shi ne a umurci akwatin ya yanke wutar da kansa, sa'an nan ya mayar. Wannan ba ya gwaduwa da dummy-ups, don ba shi da wutar da zai yanke.

Haka nan ba ya sanin lafiyar batir. In an rubuta masa batir cike ya ke, haka zai yi ta faɗa. Batirin dalma kuwa an auna kwanansa ne a kan zafin digiri 25, kuma ƙarin digiri 10 ya kan rage kwanan nan da wajen rabi. A ɗakin da na'urar sanyaya iska ke tsayawa duk sa'ad da wuta ta tafi, sai an zaɓi ranar hutu, an kwafe lissafi an adana, an zare wayar nan daga bango an duba agogo.