Jakar Madunka da Ƙamus ɗin Ɗan Ƙanwata

Da la'asar sakaliya ɗan ƙanwata ya tarar da ni a ƙofar gida ina shan iska, ƙamus a hannunsa, fuska a murtuƙe. Jarrabawar fita sakandare ce ta sa shi gaba.

"Kawu, Turawan nan sai neman wahalar da mutane. Show, display, exhibition, demonstration, duk na duba, kowanne nuni ne. To, in duk nuni ne, don me malam ya soke mini amsa?"

Na ce ya zauna. Mu Sakkwatawa ma ai ba cika cewa "nuna mini" muke yi ba, "gwada mini" muke cewa, kuma ba mu taɓa rikita gwada wa baƙo hanya da gwada ƙarfi a fagen kokawa ba. Sai na jawo jakar fata da ke gefena, wadda na saya a Shiyar Madunka, na aje a gabansa. Fatar jar akuyar Sakkwato ce, irin wadda fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, ƙasar da a can suka same ta.

Ranar da na fara ganin jakar, a rataye take a bakin shagon baduku, an jera ta da 'yan'uwanta, ja kusa da kore, don mai wucewa ya ja birki. Wannan shi ne display. Asalin kalmar, wadda ta shiga Ingilishi ta hanyar Faransanci, warware abin da ke ninke ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai shadda a Babbar Kasuwa, ya ga yadda yake fizgo turmi ya warware shi a kan hannu don haske ya buge shi, ya riga ya san kalmar tun kafin ya ji ta. Mata sun fi mu saninta. Jeren ɗakin amarya display ne tsantsa: kwanoni da tangaran da kuloli an tsara su bisa tsari, ba don a ci tuwo a cikinsu yau ba, sai don 'yan ganin ɗaki su shigo su ƙare musu kallo. Abin da ake nema a nan shi ne tsarin da zai kama ido. Kaya a zube cikin buhu ba su zama display ba, ko da na zinariya ne.

Yanzu a ce shekara ɗari ta wuce, an ɗauki jakar nan an kai ta Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, an sa ta cikin gilashi kusa da tsofaffin rubuce-rubuce da makamai, an maƙala mata takardar bayani. Ta tashi daga haja. Ba a taya ta, ba a taɓa ta. Ita kanta sunanta exhibit, taron kayan gaba ɗaya, da aka shirya da manufa aka gayyato jama'a su gani, shi ne exhibition. A nan ne malam ya kama yaron, domin ya ba wa abu guda sunan taro. Kamar mutum ne ya kira tunkiya ɗaya garke. Mafi shahara a irin wannan taro shi ne wanda aka yi a Landan a 1851 cikin wani katafaren gini na gilashi, inda kimanin mutum miliyan 6 suka shiga kallo.

Exhibit tana da wata fuskar da ba ta da daɗi. In ɓarawo ya fizge jakar, 'yan sanda suka kama shi da ita, a gaban alƙali ma sunanta ke nan. Mutanen gari sun fi sanin kalmar ta wannan ƙofa fiye da ta gidan tarihi, abin takaici.

"To, demonstration fa, Kawu?"

Wannan sai da motsi. Baduku ya zaunar da yaronsa, ya ɗauki basilla ya huda fata, ya zura zare, ya ce kalli hannuna. Mai tallan injin markaɗe ya zuba tattasai ya kunna a gaban mata don su ga da gaske yana niƙa. Jaka a rataye ba ta yin demonstration, sai an ga yadda ake yi ko yadda abu ke aiki. Kuma da wannan kalmar dai ake kiran zanga-zanga, irin wadda ta game Nijeriya a Janairun 2012 kan cire tallafin mai. Ba abin mamaki ba ne: jama'a ce ta fito ta gwada wa hukuma abin da ke ranta, da ƙafa da murya.

Akwai kuma 'yan'uwansu da yaron bai ambata ba. Parade ba ta buƙatar dogon bayani, mun riga mun aro ta mun mai da ita fareti. Spectacle kuwa abin kallo ne mai sa a saki baki, kamar dubban masunta da ke rugawa cikin Matan Fada a Argungu da goruna da homa. Sai dai a yi hattara, in Bature ya ce mutum ya mai da kansa spectacle, ba yabo ba ne, ya zama abin kallo ne a kasuwa.

Show ce uwar ɗakinsu, riga ce mai faɗi da kusan kowa ke shiga: wasan kwaikwayo, shirin talabijin, gasar nuna amfanin gona. In ka rasa ta cewa, ita ce mafaka. Amma a cikinta ne zargi ke ɓuya. Abin da aka yi for show, na ganin ido ne. Show-off shi ne ɗan burga. Ostentation fariya ce da dukiya, irin ta masu ƙirga akwatunan lefe da ƙarfi don maƙwabta su ji. A garin Shehu ba sai an koya mana wannan ba, tun muna makarantar allo ake ja mana kunne a kan riya, kuma na fi ganin kaifin kalmarmu a nan fiye da tasu.

Yaron ya yi shiru yana jujjuya jakar. Can sai ya miƙe, ya saɓa ta a kafaɗa, ya gyara zaman hula, ya nufi majalisar abokansa a bakin titi yana taku ɗai-ɗai.

"Kawu, wannan wanne ne a ciki?"

Kafin in buɗe baki ya sha kwana. Yau kwana uku ke nan, ƙamus ɗin yana wurina, jakar tana wurinsa.