"Aiki da Godiya": Matsalar Harshe a Binciken Gamsuwar Ma'aikatan Gwamnati

Idan aka gaida Bahaushe a wurin sana'arsa aka ce masa "Ina aiki?", amsar da al'ada ta tanadar masa ita ce "Aiki da godiya". Haka zai faɗa ko an biya shi albashi jiya, ko yana bin bashin wata uku. Wannan muƙala ta ɗauki wannan amsa a matsayin mashiga domin duba wata matsala da manazarta harkar gudanarwa ba su cika kula da ita ba, wato abin da ke faruwa idan aka mayar da takardar tambayoyi ta auna gamsuwar ma'aikata zuwa Hausa.

Jin ra'ayin ma'aikatan gwamnati ta wannan hanya ya kafu a wasu ƙasashe. Hukumar kula da ma'aikatan tarayya ta Amurka ta fara nata binciken a 2002, ta mayar da shi na shekara-shekara daga 2010, gwamnatin Birtaniya kuma ta fara nata a 2009. Ma'aunan da ɗalibanmu ke arowa domin kundayen digiri su ma daga can suke. Ɗaya daga cikin fitattunsu shi ne wanda Paul Spector ya fitar a 1985, mai jimloli 36 da suka shafi fannoni tara, ciki har da albashi da ƙarin girma da shugabanci da abokan aiki. Akasarin irin waɗannan ma'aunai suna bin tsarin da Rensis Likert ya gabatar a 1932: a kawo jimla, mai amsawa ya zaɓi matakin yardarsa da ita. Duk da Ingilishi aka tsara su. A Nijeriya kuwa, inda matakan albashi suka tashi daga na 01 zuwa na 17, waɗanda suka fi buƙatar fassara su ne na ƙasa: masinjoji da direbobi da masu gadi da masu shara. Ke nan kuskuren fassara ba kowa yake shafa daidai ba, ya fi faɗawa kan waɗanda tun asali ba a cika jin muryarsu ba.

Matsala ta farko tana cikin kalmar da ake son aunawa. "Gamsuwa" ita ce aka fi amfani da ita, amma a bakin mutane ta fi danganta da hujja ko bayani: mutum yakan gamsu da abin da aka faɗa masa. "Jin daɗi" ya karkata ga halin da ake ciki a lokacin. "Wadar zuci" kuwa ɗabi'a ce ta yabo, kuma da wuya a sami wanda zai shaida da bakinsa cewa ba shi da ita. A nan ne al'ada take shigowa da ƙarfinta. A laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa haƙuri da kunya da ladabi cikin halayen da Hausawa ke auna mutum da su. Ga wanda ya tashi cikin wannan tarbiyya, cewa "ban gamsu da aikina ba" tana iya kama da butulci, ba ga gwamnati kaɗai ba, har ga Allah da ya ba shi hanyar abinci alhali wasu na yawo da takardu ba aiki. Don haka idan ya zaɓi "na gamsu", ba ƙarya ya yi ba. Wata tambaya ya amsa, ba wadda mai bincike ya yi nufi ba.

Mai wannan nazari ya ga haka a wani gwaji da ya yi a sakatariyar wata ƙaramar hukuma. Wani dattijon direba ya amsa duk tambayoyin da "Alhamdu lillahi", aka rubuta masa mataki mafi girma. Da aka rufe takarda aka koma hira, sai ya ce, "Ɗana, ƙarin girman da aka yi mini tun bara yana nan a takarda, bai shiga albashi ba." Babu ko ɗaya daga cikin jimlolin da aka karanta masa da ta ciro wannan magana.

Matakan ma'aunin su ma ba su tsira ba. "Na yarda" tana nufin mutum ya ga abu daidai ne, tana kuma nufin ya sallama ko ya ba da izini. Ƙaramin ma'aikacin da aka karanta wa jimla game da sabuwar dokar ofis ya ce "na yarda" mai yiwuwa biyayya yake nunawa. Matakin tsakiya kuma, idan an fassara shi da "ban sani ba", ya zama mafakar mai kara, idan kuwa an ce "ba ruwana", ya zama rashin ladabi. Sai jimlolin korewa, waɗanda masu tsara ma'auni ke sakawa da gangan domin kama mai amsawa ba tare da karantawa ba. A Hausa, idan aka ce "Ba a biya ka ba?" mutum ya ce "I", abin da yake tabbatarwa shi ne ba a biya shi ba. Mataimakin bincike da ke tunani da Ingilishi yana iya rubuta akasin haka, kuma ba wata na'urar lissafi da za ta gano kuskuren daga baya.

Hanyar da aka saba bi wajen tabbatar da ingancin fassara ita ce wadda Richard Brislin ya yaɗa a 1970: wani ya fassara zuwa Hausa, wani daban ya mayar zuwa Ingilishi, a kwatanta. A ganina wannan hanya ta fi gwada ƙwarewar masu fassarar biyu bisa ga fahimtar mai amsawa. "Gamsuwa" za ta koma Ingilishi lafiya lau, domin dukansu sun san kalmar da aka fito da ita. Tsarin da Janet Harkness ta yi fice da shi ya fi dacewa: a haɗa masu fassara da masu bita su yi muhawara kan kowace jimla, a gwada ta ga irin mutanen da za su amsa, a kuma rubuta dalilin kowane zaɓi. A nan ne sassan nazarin Hausa ke da aikin yi, domin sanin bambancin "shugaba" da "oga" da "maigida" a bakin masinja ba aikin masanin ƙididdiga ba ne.

Akwai kuma tsoro, wanda ba fassara ke kawo shi ba amma tana ƙara shi. Ma'aikacin da ya sha ganin aikin tantancewa domin zaƙulo ma'aikatan bogi yana da dalilin zargin duk fom ɗin da ya iso ta hannun ofis. Alkawarin sakaya suna ba ya da nauyi idan an tambayi sashe da mataki da jinsi a ofishin da mace ɗaya ce a matakin. Shi ya sa a Amurka da Birtaniya ba a fitar da sakamakon rukunin da masu amsawarsa ba su kai 10 ba. Wanda ba ya karatun boko kuwa, sai an karanta masa ya amsa da baki, sau da yawa a baranda inda kowa ke ji, sirrin ya tafi tun kafin a fara.

Abin da ya fi tsira daga waɗannan matsaloli shi ne tambaya kan abin da ya auku, ba kan abin da ke zuciya ba. An sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024. Maimakon a tambayi mai shara ko ta gamsu da albashinta, ana iya tambayarta ko ƙarin ya bayyana a abin da take karɓa, da ranar da albashin watan jiya ya shigo, da shekarar da aka yi mata ƙarin girma na ƙarshe. Tana iya amsa waɗannan duka ba tare da ta ji ta yi ƙorafi ba. Tambayar gamsuwa kuma, idan dole ne a yi ta, ya fi kyau ta zo bayan an gama gaisuwa an kuma bar mai amsawa ta yi godiyarta, sa'an nan a ce, "Baba, bayan godiya, me kike so a gyara?"