Babur Ya Sha Ajiya, Ya Tashi Da Yoyo: Ina Matsalar Take?

A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, da zarar an gama girbi, magidanta da yawa kan tafi ci-rani, su bar baburansu a zaure ko cikin shago har wata biyar ko shida. Idan damina ta gabato suka dawo, sai a tarar da tabon baƙin mai a ƙarƙashin injin. Wannan babur kuwa shi ke kai kaya kasuwar Sara, shi ke garzayawa da maras lafiya Asibitin Tarayya na Birnin Kudu. Injin irin su Boxer da Jincheng kusan lita 1 kawai ta mai yake ɗauka. Idan ta tsiyaye ana cikin tafiya, ƙarfe ya goga ƙarfe, inji ya ƙone. To, yaya abin da ba a taɓa ba zai lalace?

Mai karatu ya tuna da salka. Muddin ana zuba mata ruwa tana nan da laushinta, amma in aka rataye ta wata da watanni sai ta bushe ta tsage. Haka zoben robar da makanikai ke kira sil, wanda ke kewaye kowane ƙarfe mai juyawa da ya fito daga cikin inji. Hasali ma, irinsa na farko da injiniya Walther Simmer ya ƙera a Jamus a 1929 da fata aka yi shi. Leɓen wannan zobe yana zamewa ne bisa ɗan siririn mai. Idan babur ya daɗe a tsaye, man ya koma ƙasa, leɓen ya bushe, iskar oksijin da zafin bazara, wanda kan kai digiri 40 a watan Afrilu, su taurara robar. Ranar da aka tayar da injin, sai busasshen leɓen ya kasa riƙe mai.

Dalili na biyu daga fetur yake. Idan an bar famfon tanki a buɗe, tsohon fetur kan bar danƙo a cikin kafireta, allurar da ke tsayar da shi ta kasa rufewa. Daga nan sai fetur ya riƙa silalewa, wani lokaci har cikin inji, ya tsinka man, ya kuma ƙara masa yawa. Tsinkakken mai kuwa ba ya rasa kafar fita.

Dalili na uku aikin halitta ne. Kowane inji yana da ɗan bututun numfashi da ke fitar da iskar da ta taru a cikinsa. Zanzaro, wanda ke gina ɗakin laka ya cusa tsutsa ko gizo-gizo domin abincin 'ya'yansa, yana son irin wannan rami mai duhu, musamman inda bakin bututun yake a sake. Ɓera ma kan gwaguyi bututun roba. Idan hanyar numfashi ta toshe, iska ta matsu, sai ta tura mai ta duk inda ya fi rauni, ko da zoben lafiyayye ne.

Gano wurin yoyo bincike ne irin wanda muke koyarwa a ɗakin gwaji. Da farko a wanke injin da kalanzir, a bar shi ya bushe. A tsayar da babur daidai, a shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. A duba ma'aunin mai, a sunsuna: idan ya haura alama kuma yana warin fetur, kafireta ce, idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga. Sannan a barbaɗa hoda ko garin alli a jikin injin, a tayar da shi minti 10. Hodar za ta yi duhu a inda man ya fara fitowa. A tuna cewa mai gangarowa yake yi, saboda haka wuri mafi tsayi da ya jiƙe shi ne tushen yoyon. Wuraren da aka fi samu su ne notin juye mai, murfin kan inji, gindin sandar giya da ta kik, da bayan haƙorin sarƙa. A lura kuma kada a ɗauki man sarƙa ko na shokozoba a matsayin na inji. Kafin a canja kowane zobe, a fara leƙa bututun numfashi.

Akwai kuma batun muhalli. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa man da aka juye daga mota ɗaya na iya gurɓata galan miliyan 1 na ruwa. A garuruwan da ake dogaro da rijiya, bai kamata a zubar da shi a ƙasa ba. A tara shi a galan mai murfi.

Rigakafi dai ya fi magani. Mai shirin tafiya ya zuba sabon mai, ya rufe famfon fetur, ya tsiyaye kafireta, ya ajiye babur a inuwa, ya kuma sami ɗan'uwan da zai riƙa tayar da shi ya zagaya da shi duk bayan mako biyu. Malamai kuma za su iya kai ɗalibansu wurin makanike su yi gwajin hodar da hannunsu, su rubuta abin da suka gani.